Hancina da Giyar Tsohuwa Marta

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun da aka sauko daga Juma'a kuke damuna, wai Kawu Isyaku ka yi mana hanya a otal, wai aikin giyar inabi ai buɗe kwalba ne kawai da murmushi, ga kwat, ga sanyi, ga kyautar baƙi. Nura har da cewa in an ba shi sati guda ya iya. Sati guda! Ka ji yaro. Ni da kuke gani ina ɗaure kwali da salatif a Murshid Bazaar, ina jan kago zuwa bakin mota, na fi shekara goma a kan aikin nan a wani otal da ke Al Rigga, kuma har aka sallame ni ban ce na gama iyawa ba. Hanya kam ba ni da ita, ko ina da ita ba zan yi muku ba. Amma tunda kun tsokano ni, sai kun ji.

Kada wani ya fita daga ɗakin nan ya ce Kawu ya ce halal ne. Ban taɓa faɗa ba. Na san abin da malamai suka ce a kan mai ɗauka da mai zubawa, na san shi tun ina makarantar allo. Na zo Dubai da niyyar aikin kicin aka jefa ni can, ga yara da uwarsu a Jos, ga gyatumata, duk idonsu a kaina. Abu ɗaya na riƙe, ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Da hanci na yi aikin tun daga farko har ƙarshe. Hancin nan shi ya riƙe min aikin, aikin kuma shi ya riƙe min biza. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya tsaya.

Goge kofunan gilashi na fara yi. Inji ya wanke, a kawo min da zafinsu, in kara su a tururi, in goge da farin ƙyalle, in ɗaga wajen fitila in duba. Wata rana na ware wasu kofuna gefe na ƙi jerawa. Sai ga shugaban sashenmu, Mista Lobo, wani dattijo Kirista mutumin Goa ta Indiya, gajere mai tumbi, ya zo ya ɗaure fuska.

"Ishak, me ya sami waɗannan?" Haka yake kirana, bakinsa ya kasa Isyaku.

Na ce, "Oga, ƙarni suke yi. Tare da farantan ƙwai aka wanke su."

Ya ɗauki ɗaya ya sansana, ya ɗauki na biyu, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kana sha?"

"Ba na sha, kuma ba zan sha ba."

"Ban tambaye ka wa'azi ba. Gobe ka same ni a ɗakin sanyi."

A ɗakin sanyin nan na sha wuyar da ban sha ba a hannun kowane malami. Sai ya jera kofuna ya rufe min ido da tawul. Wannan ɓawon lemun tsami, wannan ɗanyen tuffa, wannan kanumfari, wannan jiƙaƙƙen kwali, wannan ƙonannen sukari. In na faɗa daidai ko uhum ba ya cewa, in na kuskure ya buga tebur har kofuna su yi tsalle. Daga baya ya koma zuba giyar kanta, in juya kofi, in sa hanci, in faɗi abin da ke ciki. Littattafan Turawa sun cika da sunayen 'ya'yan itatuwan da ban taɓa gani ba, na yi ta hadda kamar aku ina kwaɓawa. Rannan ya fizge littafin ya jefa saman firij.

"Kai ba ka da gari ne? Ba ku da kasuwa? Faɗa min da abin da ka sani, ni zan mayar da shi Turanci."

Daga ranar aikin ya buɗe min. Na ce wannan zoɓo ne da aka sirka, wancan tsamiya ce, wancan kuma ƙamshin buhun dabino da ya daɗe a shago. Lobo ya yi ta dariya yana girgiza tumbi, amma ya daina buga tebur.

Kun san abin da na bari saboda hancin nan? Turare. A Dubai fa, garin da ko direban tasi in ya wuce ka sai ka waiwaya. Shekara da shekaru ina zuwa Juma'a ba ko ɗigon turare a jikina, saboda in na shafa da rana, har yamma shi kaɗai zan riƙa ji a cikin kofi. Na bar goro. Na bar yaji sai ranar hutu, ni da na tashi da tsiren Jos. In mura ta kama wani a filat, ni da shi sai daga nesa, har aka riƙa cewa ina da girman kai. Kayan aikin kuwa ba su da yawa, ɗan mabuɗi mai murɗaɗɗen ƙarfe da 'yar wuƙa a jikinsa, farin tawul a damtse, bokitin ƙanƙara. Mabuɗin nan kowa zai iya saye a kanti, Nura ma zai iya. Amma ka zare tsohuwar toshiya wadda ta yi laushi ba tare da ta gutsure ta faɗa ciki ba, baƙo yana kallonka, matarsa tana kallonka, shi ne za ka san sati guda ba ya yi.

Buɗewar ma ba ita ce aikin ba. Giyar inabi tana ciwo, tana kuma mutuwa a cikin kwalba, kuma daga waje ba ka gani. Wata toshiyar ce ke lalata ta, ka ji tana warin kwalin da ruwa ya jiƙa. Wata iska ce ta shige ta. Amma babban makashinta a garin nan zafi ne. Kwalba ta kwana biyu a inda ba sanyi, shi ke nan ta dahu, ƙamshin ɗanyen 'ya'yan itace ya gudu, sai warin ƙonannen sukari. Wani lokaci toshiyar takan turo kai ko ta yi yoyo ka gane, wani lokaci kuwa tsaf za ka gan ta kamar ba abin da ya faru. Don haka ƙa'idar sana'ar ita ce, kowace kwalba ka buɗe, ka ɗan zuba a kofinka, ka sansana, ka kurɓa, kafin ta isa gaban baƙo. Ni sansanawar kawai nake yi. In na yi kokwanto, Lobo ya kurɓa min. Manyan otal sun sani, sun yi gunaguni da farko, Lobo ya ce musu in an taɓa ni a haɗa da shi, suka yi shiru.

A cikin duk kwalaben da suka bi ta hannuna, na gonar Tsohuwa Marta ne suka zauna min a rai. 'Yar ƙaramar gona ce a Jamus, a jikin wani tsauni mai gangare a saman kogi, inda sanyi ke daɗewa. Ita da ɗanta da 'yan ma'aikata kaɗan ke nomawa, da hannu suke tsinka, don mota ba ta iya hawa wurin. Abin da suke samu a shekara bai taka kara ya karya ba, mu kanmu kwali kaɗan ake ba mu. Kafin Lobo ya yi min bayani na riga na gane ta, saboda lambun babana. A bakin tsohon ramin kuza yake, can bayan gari a Jos, kuma duk wanda ya yi lambu a sanyi ya san tumatirin sanyi ba ya gaggawa. A hankali yake nuna, ba ya cika zaƙi, amma ƙamshinsa da ɗan tsaminsa ba a haɗa su da na ƙasar zafi. Haka inabin Tsohuwa yake.

Farar giyar tata in tana sabuwa, ɗanyen tuffa za ka fara ji da ɓawon lemun tsami, siriri, mai kaifi, har yawu ya tsinko maka tun ba ka kai baki ba. In ka ɗan jira kofin ya huce daga sanyin ƙanƙara, sai wani abu ya taso daga ƙasa, ƙamshin dutse in ruwan farko ya sauka a kansa. In kuwa ta shekara biyar ko fiye, wallahi kananzir take yi, kaɗan, tare da zuma. Ranar da na fara jin haka na ruga wajen Lobo na ce an zuba mana mai a kwalba, ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan ne masu abin ke nema. Jar kuwa ba ta da duhu, kana hango yatsanka ta cikin kofi. Sitiroberin Jos take yi, irin ƙananan nan masu tsami, da ɗan ƙamshin ganyen da ya ruɓe a gindin itace. Ba ta ihu, sai ka yi shiru ka saurare ta. Kuma kowace shekara da halinta. Shekarar da sanyi ya yi yawa takan zo a tsuke, da tsami kamar mai fushi, shekarar da rana ta samu takan saki jiki. Masu sha sun ce a baki ba ta da nauyi, tana wanke harshe, tana barin ɗan gishiri-gishiri a ƙarshe. Wannan a bakinsu na ji, ni ban sani ba.

Sau ɗaya ta zo Dubai, dillalin da ke kawo mana kayanta ne ya gayyato ta. Na zaci zan ga wata hajiyar Turawa mai gwal, sai ga tsohuwa da takalmin maza, hannuwanta duk kaushi da faso kamar na matan da ke sayar da dankali a kasuwar Farin Gada ta Jos. Ta zuba min da hannunta ta miƙo. Na juya, na sansana, na ajiye. Ta ɗaga gira, Lobo ya yi mata bayani. Ta ce da Turancinta mai tsallen kwaɗo, "Mijina marigayi ya sha da yawa, bai sansana ba ko kaɗan. To faɗa min, me ka ji?"

Na ce, "Dutse ne da ruwan farko ya daka, Madam."

Sai ta ce gonar tata duk baƙin dutse ne mai ɓarewa falle-falle, ƙasar ma kaɗan ce. Ta ba mu labarin shekarar da raɓa ta daskare bayan inabi ya fara toho, suka kwana suna kunna wuta a tsakanin kunyoyi, duk da haka rabin gonar ya tafi. Da za ta tafi ta kama hannuna da nata biyu ta ce, "Ka tsare min su daga zafin garinku." Na ce in sha Allah.

Sayar da ita kuwa, nan ake yin ta. Mutumin da ya ci kasuwa ranar, ya shigo da abokai yana hura hanci, ba ya son abu siriri. Yana son baƙa mai kauri mai babban suna, wadda na teburin kusa zai ga kwalbar ya san an kashe kuɗi. Ka kawo masa ta Tsohuwa ya ce, "Habibi, wannan ai ruwa ce." Wani ya sa a zuba mata ƙanƙara a ciki, ina tsaye ina murmushi zuciyata na tafasa. Sai na koyi karanta tebur. In na ga an yi odar kifi ko jatan lande, ko abinci mai ɗan yaji, kuma mutanen ba masu hayaniya ba ne, sai in sunkuya in ce akwai wata 'yar gona. In suka yarda suka gwada, rabinsu sun zama nata har abada.

Namu na gida kuwa, hmm. Manya ne, ba zan kira suna ba. Mutum ya shigo da babbar riga, ya ji Hausa a bakina ya sha jinin jikinsa, ya jawo ni gefe. "Ɗan'uwa, a butar shayi za ka zubo min, ka gane ai." In ce na gane, ranka ya daɗe. "Kuma ba ka gan ni ba." In ce ban gan ka ba, ranka ya daɗe. Ranar Juma'a mu haɗu a masallaci, in miƙa masa hannu ya ba ni kan yatsu yana kallon wani wajen. Ban taɓa tona kowa ba, amma abin ya ci min rai, har yau yana ci.

Cikin baƙina akwai Mista Alan, wani injiniya Bature da ya tsufa a garin nan, da matarsa Madam Jun. Su ne suka fi kowa son jar Tsohuwa. A al'ada in ka gama dubawa sai ka ɗan zuba wa mai tebur shi ma ya kurɓa ya amince. Mista Alan ya daɗe da daina wannan. In na kawo kofin sai ya ɗaga hannu ya ce, "In ta wuce hancin Ishak, zuba kawai." Shekaru muna haka, ban taɓa ba shi kunya ba.

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe otal, aka tara mu a masaukin ma'aikata, aka ce wa tsofaffi su koma gida. Lobo yana cikinsu. Ko sallama ta kirki ba mu yi ba, ta waya ya ce min, "Ishak, ka kula da hancinka." Bai yi wata da tafiya ba ciwon ya kama ni. Zazzaɓin bai yi tsanani ba, na warke, na yi hamdala. Rannan wani ɗan Gana da muke ɗaki ɗaya yana soya albasa da manja, har da daddawa, kowa na cewa ƙamshi ya cika gida. Ni ban ji komai ba. Na je na sa fuskata a kan tukunyar har tururi ya ƙona ni. Babu. Na buɗe kwalbar man zafi na kai hanci, na fasa kanumfari, na sansana takalmina. Kamar an kashe fitila. Na shiga banɗaki na kulle, na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar babana.

Da aka sake buɗewa, sai muka tarar da sabon manaja, Mista Roman, matashi mai saurin magana, da kuma wata ɓarna. Ashe lokacin kulle, don a rage kuɗin wuta, an kwashe kwalaben daga ɗakin sanyi an kai wani sito a baya, aka kashe injin. A tsakiyar zafin Dubai! Masu kauri sun ɗan jure. Na Tsohuwa kuwa, da ba su saba da wahala ba, wasu sun tsira wasu sun dahu, kuma ba mai iya rabewa sai an buɗe. Wato a daidai lokacin da aka fi bukatar hancina, a lokacin ba ni da shi.

Ban ɓoye ba. Ranar farko na same shi a ofis na gaya masa.

Ya ce, "To ka kurɓa mana, kamar kowa. Ka kurɓa ka tofar, ba wanda ya ce ka haɗiye."

Na ce, "Oga, ba na kai ta baki. Haka muka yi da Mista Lobo tun farko."

"Lobo yana Goa. Ni ba zan ajiye mutum a kan giya ba hanci ba harshe. Na ba ka zuwa ƙarshen wata, ko hancin ya dawo ko ka kurɓa. In ba haka ba, khalas, aikinka ya ƙare."

Ban ce ya yi zalunci a nan ba, ko ni ne shi abin da zan faɗa ke nan. Wanda ya kashe injin sanyi shi ne ba a taɓa tambaya ba.

Na je wajen likita, ya ce yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa, in riƙa gwada shi da abubuwa masu ƙarfi. Safe da yamma ina zaune da ƙananan kwalabe, kanumfari, lemun tsami, citta, ina ja kamar mai shaƙar magani. A lokacin na dawo filat ɗin nan na Al Khabaisi da zama, wajen su Malam Tasi'u, akawun nan da ke ja mana salla. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, amma in ya gan ni da kwalabena sai ya ce, "Malam Isyaku, ka bar wahalar da kanka. Wannan ba ciwo ba ne, rahama ce." Me zan ce masa? Ta wani gefen ban isa in ce ƙarya yake ba. Ta wani gefen kuma uwar yara ta bugo waya tana tambaya ko an koma aiki lafiya.

Saura kwana kaɗan wata ya ƙare, da rana tsaka, sai ga Mista Alan da Madam Jun. Ranar zagayowar aurensu ce, kuma fitarsu ta farko tun kulle. Ya ga ni ya buɗe hannu kamar zai rungume ni, ya tuna dokar korona ya fasa.

"Ishak! Kana raye! Kawo mana jar Marta."

Na ɗauko. Na duba wuyan kwalbar, ba yoyo. Na yanke dalmar da ta rufe bakin kwalbar, na murɗa mabuɗi, toshiya ta fito lafiya lau. Na koma ɗan teburina na gefe na zuba kaɗan a kofina, na juya, na sa hanci, na ja har ƙirjina ya cika. Ko ruwan famfo ya fi ta magana. Mista Roman ya zo ya tsaya a kafaɗata kamar mai gyara tawul, ya ce a hankali, "Yalla, kurɓa. Sau ɗaya. Ba mai kallo."

Gaskiya ne, ba mai kallo. Kofin yana hannuna, tsakaninsa da leɓena bai kai tsawon yatsa ba. Na tuna yara, na tuna biza, na tuna shekaruna, wa zai ɗauki mai furfura sabon aiki a garin nan? Wallahi na so in kurɓa, ba zan yi muku ƙarya ba. Na ajiye kofin.

Na ɗauki kwalbar na je teburin, na zuba kaɗan a kofin Mista Alan. Ya ɗaga hannu yadda ya saba. "In ta wuce hancin..."

Na ce, "Yallaɓai, yau kai za ka duba da kanka. Ciwon nan ya tafi da hancina, ba na jin komai."

Ya dube ni, ya dubi manaja da ke tsaye can, ya dubi matarsa. Mutum ne mai hankali, nan take ya gane inda aka dosa. Ya juya kofin, ya sansana, ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Zuba." Na zuba musu. Suka ci kifinsu, suka sha, Madam Jun tana ta ba ni labarin jikokinta, har kwalbar ta kusa ƙarewa. Na ji sanyi a raina, na ce Allah ya rufa asiri.

Suna fita Mista Roman ya ɗauki kwalbar, ya tsiyaye ragowar a kofi ya kurɓa. Ya tofar a bokiti ya goge baki.

"Matacciya ce. Ta dahu tun tuni. Ka zuba wa baƙonmu mafi daraja dafaffiyar giya a ranar aurensa, shi kuma ya shanye don tausayinka. Nan ba gidan sadaka ba ne, Ishak."

Wannan kalmar, tausayi, ita ta fi korar da aka yi min zafi. Dattijon nan ya zauna ya sha ƙonannen sukari, ya sa matarsa ta sha, don kada a taɓa ni. Ni da na yi shekara goma ina tsare masa kofi. Washegari aka ba ni takardar sallama. A satin kuma aka rubuta wa dillali cewa kayan gonar nan ba sa jure tafiya, a daina kawowa. Ka ji fa, wai ba sa jure tafiya. Tsohuwa tana can kan tsauninta, an gaya mata giyarta ce ba ta da ƙarko, kuma ba ni da bakin da zan gaya mata gaskiya.

Da na dawo filat da 'yar jakata, labari ya riga ni. Kafin la'asar su Malam Tasi'u sun haɗa kuɗi sun sayo rabin rago da shinkafa, wai walima, Allah ya kuɓutar da ɗan'uwa. Aka shimfiɗa leda a nan, daidai inda kuke zaune, aka cika ɗakin. Kowa ya zo ya kama hannuna, barka, barka, Malam Isyaku, yau ka zama namu. Har da turare aka fesa min. Aka tura min faranti gabana da ƙashin da ya fi tsoka, na ci, kamar ina tauna katifa. A cikinsu duka ba wanda ya ce, to bizar fa? Ba wanda ya ce, yaran fa? Ba mugunta ba ce, murna suke yi da gaske, shi ya sa ma na rasa wanda zan yi wa fushi.

Da aka gama Malam Tasi'u ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Ya yi salati, ya yi godiya, sannan ya ce, "Ya Allah, ka toshe duk ƙofar da za ta mai da bawanka can. Abin da ka karɓe don ka tsare shi, kada ka mayar masa sai hanyar ta rufe." Ɗakin ya ɗauka da amin har tagogi suka amsa. Sai ido ya dawo kaina, ana jira. Hannuwana suna sama. Na ce amin.

Addu'ar Malam kuwa ta ci. Wani Alhaji mutumin Maraɗi mai harkar kago ya ɗauke ni ɗaurin kaya ya yi min biza, Allah ya saka masa. Otal suka ba wani gurbina. Sai da komai ya rufe ruf, rannan ina durƙushe a kan kwali a Murshid, warin salatif ya doke ni a fuska. Na zauna a ƙasa a tsakiyar hanya, masu kura suna ta yi min ihu in kauce. Yau ba abin da ba na ji, ya dawo har ya fi da. Daga nan inda nake zaune na san shinkafar da kuka ɗora ta kama tun ɗazu. Nura, tashi ka sauke ta, amfanin da hancin yake yi ke nan yanzu.